Yayin, tirosh, shekar: abin da tsingaron tukwane ke faɗa a kan ruwan inabin Ibraniyawa

Tambaya: Ni ɗalibi ne a makarantar koyon Littafi Mai Tsarki. A fassararmu ta Hausa kusan ko'ina "ruwan inabi" ake cewa, amma malaminmu ya ce a Ibrananci kalmomin suna da yawa, wasu ma har yau ana gardama a kansu. Wani kuma ya ce mini tirosh shi ne marar sa maye, yayin shi ne mai bugarwa. Shin rubuce-rubucen da ake tonowa daga ƙasa sun raba wannan gardama?

Amsa: Ɗan'uwa, malaminka ya faɗi gaskiya. Mai maganar tirosh kuwa ya wuce gona da iri, kuma zan nuna maka inda ya wuce.

Da farko ka san irin abin da ake tonowa. Mutanen Babila sun bar alluna na yumɓu masu jerin kalmomi, kusan ƙamus, amma daga Isra'ila da Yahuza na zamanin sarakuna abin da ya zo hannunmu rasit ne, da umarnin fitar da kaya daga sito, da sunan mai tulu a jikin tulunsa. Ma'aji ne ya rubuta wa ma'aji, kuma duk su biyun sun riga sun san ma'anar kalmar, saboda haka babu mai yi wa wani bayani. Amfanin waɗannan rubuce-rubuce shi ne suna nuna mana kalmar tana bakin aiki: a jikin wane mazubi take, kusa da wace kalma, da wane ma'auni aka auna abin, wa aka ba. Wanda ya karanta su da idon ma'aji yakan samu abu mai yawa. Wanda ya je da wa'azinsa a shirye yana neman hujja, shi ma zai samu, domin rubutun gajere ne, ba ya iya musa wa kowa.

Kalmomin da ke cikin Tsohon Alkawari ga su. Yayin ita ce uwa, ta zo kusan sau 140. Tirosh sau 38. Shekar ta haura sau ashirin kaɗan. Asis sau 5 kawai, ruwan da aka matse yanzu-yanzu. Sai hemer, wadda a Aramiyanci take hamar, 'yar'uwar khamr ta Larabci. Akwai sobe, wani sunan abin sha, akwai mesek da mimsak da mezeg waɗanda duk suna nufin gaurayawa, akwai shemarim wato gwiɓar da ke kwantawa a gindin tulu, sai homes, wanda ya yi tsami. Inabin kansa enab ne, tushensa ɗaya da kalmar Larabci da Hausa ta ara.

Babbar matsala ita ce rubutun wancan zamani babbaƙu ne zalla, babu farfaru. Wasullan da kake gani a Littafin Ibrananci malaman Yahudawa ne suka saka su fiye da shekara dubu bayan waɗannan tukwane. Baƙi uku a jikin tulu suna iya zama sunan gari, ko launi, ko sunan mutum, ko yadda aka sarrafa abin. Ka dubi buhun hatsi a kasuwar Dawanau: ɗan kasuwa ya rubuta kalma ɗaya a jikinsa, wataƙila garin da aka auno shi, wataƙila mai kayan, wataƙila irin hatsin. Shi da yaronsa ba sa ruɗewa. Wanda ya tsinci buhun bayan shekara 2,700 shi ne zai sha wahala, kuma mu ne wannan mutumin.

Mu fara da Samariya. A 1910 ayarin Jami'ar Harvard, ƙarƙashin George Reisner, ya tono tsingaro fiye da ɗari masu rubutun tawada kusa da fadar sarakunan Isra'ila. Sittin da 'yan kai ne ake iya karantawa sosai, kuma yanzu suna gidan tarihi na Istanbul. Na ƙarni na 8 ne kafin Miladiyya, galibin masana suna kai su zamanin Yehowash ko ɗansa Yerobowam na biyu. Ɗaya daga ciki yana cewa: a shekara ta tara, daga Koso, zuwa ga Gaddiyau, nebel ɗaya na y-n y-sh-n. Haka tsarin yake ta maimaituwa, wani lokaci ruwan inabi, wani lokaci man zaitun da aka kira "wankakke", wato mai kyau. A nan muna koyon abubuwa da ba za mu samu daga Littafin kaɗai ba. Mutanen masarautar arewa, wato Isra'ila, kalmar yayin y-n suke rubuta ta da baƙi biyu, kamar Finikiyawa, alhali mutanen Yahuza y-y-n suke rubutawa. Ashe karin harshe biyu ne, kuma Littafin da ke hannunmu da karin kudu ya iso mana.

Nebel kuma, wanda tsofaffin fassarori da yawa suka mai da shi salka, a Samariya ma'auni ne tsayayye da ake ƙirga ruwan inabi da mai da shi, abin da ya fi dacewa da tulun yumɓu. Littafin ma ya goyi bayan haka: Ishaya 30:14 ya ambaci nebel na maginin tukwane da ake farfasawa har ba a samun tsingaron ɗebo wuta, Makoki 4:2 kuma ya ce nebel na yumɓu. Salka tana da nata suna, nod, ita ce wadda Gibeyonawa suka zo da tsofaffinta a Joshuwa sura 9 don su yaudari Isra'ilawa.

Y-sh-n fa? Kusan kowa ya yarda "tsoho" ne. Tambayar ita ce tsufa nawa. Mishna, littafin dokokin malaman Yahudawa da aka tattara wajen shekara ta 200 Miladiyya, ta ce idan mutum ya sayar da yashan to na bara yake nufi, idan ya ce meyushan to na shekara uku. Tsakanin Mishna da Samariya akwai kusan shekara dubu, saboda haka ba za a ɗora ta kai tsaye ba, amma ta gyara mana tunani: "tsohon ruwan inabi" ba abin da ya shekara ashirin a ɓoye ba ne, wanda ya ƙetare shekara bai lalace ba ne. A ƙasa mai zafi, cikin tulun da aka toshe da laka, wannan ma abin alfahari ne, shi ya sa ake kai shi fada. Annabi Amos, wanda ya yi zamani da Yerobowam na biyu, ya zargi manyan Samariya da shan ruwan inabi da manyan kwanoni da shafa mai mafi kyau. Kayan nan biyu da ya ambata su ne daidai kayan da ke cikin rasit ɗin fada.

Daga nan sai Arad, kagarar sojoji a bakin hamadar Negeb, wadda Yohanan Aharoni ya tono a shekarun 1960. An samu wasiƙun wani ma'aji mai suna Eliyashib, na wajen shekara ta 600 kafin Miladiyya, dab da faɗuwar Urushalima. Ana umartarsa ya ba Kittiyawa guzuri, waɗanda bisa ga dukkan alamu sojojin haya ne daga Kubrus ko ƙasashen Girka. A wasiƙa ta farko an ce ya ba su ruwan inabi, ya rubuta ranar, sannan aka ƙara da cewa ya bayar daga "ruwan inabin aganot". Aggan babban kwano ne mai faɗin baki. A cikinsa Musa ya zuba jinin hadaya a Fitowa 24:6, shi ne kuma kwanon gauraye a Waƙar Waƙoƙi. Ko dai wanda ake ajiyewa a irin wannan kwano ake nufi, ko wanda aka tanada don a gauraya. Abin da ya tabbata shi ne Eliyashib yana da iri fiye da ɗaya a sitonsa, kuma shugabansa ya damu da wanda za a taɓa da wanda za a bari.

Wasiƙa ta biyu ta fi nuna wahalar babbaƙu. An ce a ba su ruwan inabi na kwana huɗu da gurasa 300, sai ga baƙaƙen h-m-r kusa da kalmar yayin. Waɗannan baƙaƙe uku suna iya zama homer, babban ma'auni. Ko hamor, jaki, wato kayan jaki guda. Ko hemer, ruwan inabi mai kumfa. Duk ukun sun zauna a jimlar. Ni na fi karkata ga ma'auni ko kayan jaki, waɗanda asalinsu ma ɗaya ne, domin homer daga abin da jaki ke ɗauka ya samo suna, kuma wasiƙar gaba ɗaya lissafi ce. Ƙarshenta ya ce: in akwai sauran homes, a ba su. Ka ga mai tsamin ba zubarwa ake yi ba, guzurin soja ne, kamar yadda Bo'aza ya ce wa Rut ta tsoma gurasarta a cikinsa tare da masu girbi. Sojojin Roma ma daga baya irinsa suke sha gauraye da ruwa. A 2017 masu bincike na Jami'ar Tel Abib suka ɗauki hoton tsingaron Arad mai lamba 16 da kyamara mai ganin hasken da ido ba ya gani, sai ga rubutu a bayansa wanda aka shekara kusan hamsin ana ɗauka babu komai. Abu na farko da ke ciki roƙo ne a aiko da ruwan inabi in akwai.

Yanzu ga tirosh, inda tambayarka ta fi nauyi. A rasit ɗin Samariya da wasiƙun Arad, ma'aji yayin yake rubutawa, man zaitun kuma shemen. A Littafin kuwa akwai jerin abu uku da ke yawan zuwa tare wajen maganar albarka da zakka da nunan fari: dagan, tirosh, yishar, wato hatsi, ruwan inabi, mai. Dubi abin da ya faru. Dagan shi ne hatsi a matsayin amfanin gona, ma'aji kuwa gari da gurasa yake ƙirgawa. Yishar shi ne mai a matsayin amfanin gona, ma'aji shemen yake aunawa. Tirosh ma haka yake: tsohuwar kalma ce ta addu'a da waƙa da doka, tana kallon ruwan inabi daga wajen gona da shekarar da aka girbe shi, yayin kuma kalmar sito da kasuwa da teburi. Babu wanda ya taɓa cewa yishar wani mai ne dabam da ba ya maiƙo. To me zai sa tirosh ya zama wanda ba ya bugarwa?

Mai maganarka yana da ayoyinsa, kuma ba na raina su. Ishaya 65:8 ya ce ana samun tirosh a cikin nonon inabi, tun bai bar reshe ba. Mika 6:15 ya ce za ku tattake tirosh amma ba za ku sha yayin ba, abin da ke nuna ɗaya mafari ne ɗaya ƙarshe. Amma Yusha'u 4:11 ya haɗa yayin da tirosh ya ce suna ɗauke hankali, kuma a misalin Yotam cikin Littafin Mahukunta sura 9 kurangar inabi ta ce tirosh ɗinta yana faranta ran Allah da mutane. Abin da ya fi yanke magana daga ƙasa ya fito. A Ras Shamra, tsohon birnin Ugarit a gaɓar Siriya wanda aka fara tonowa a 1929, an samu allunan yumɓu na ƙarni na 13 kafin Miladiyya cikin harshe ɗan'uwan Ibrananci. Wani allo yana ba da labarin liyafar gunkinsu El, ya ce sun sha y-n har suka ƙoshi, sun sha t-r-th har suka bugu. Kalmar ita ce dai tirosh, kuma ga ta a fili tana bugarwa. A Karatefe da ke kudancin Turkiyya, a rubutun Finikiyanci na mai mulkin birnin, Azatiwada, na wajen ƙarni na 8 kafin Miladiyya, an roƙa wa birni ƙoshi da t-r-sh, daidai irin amfanin da Littafin ke yi da ita wajen albarka. A takardun lissafin Ugarit kuwa, y-n ake ƙirgawa, har ana raba mai kyau da marar kyau da wanda ya lalace. Rabon aikin da muka gani a Isra'ila ya girme ta da ɗaruruwan shekaru.

Ga kuma hujjar yanayi. Ana girbin inabi a can wajen Agusta da Satumba, cikin zafi. Yistin da ke sa ruwan ya tashi yana nan a bawon 'ya'yan da cikin ramin matsa, saboda haka cikin kwana ɗaya ko biyu ya fara kumfa ba tare da kowa ya sa masa komai ba. Ana iya dafa shi ya yi kauri kamar zuma a ajiye, amma wannan abin lasa ne. Ruwan inabin kwalba da ke shekara bai tashi ba, Thomas Welch ne ya fara yin sa a Amurka a 1869 ta hanyar dumama shi a kashe yistin, kuma a wancan ƙarni na 19 ne masu yaƙi da shan barasa a Amurka da Ingila suka yayata ra'ayin cewa Littafin yana maganar iri biyu, mai kyau marar maye da mugu mai maye. Niyyarsu a kan barasa abu ne dabam da za a tattauna da ayoyi irin su Karin Magana 20:1 da 23:29-35, waɗanda suka isa su tsaya da ƙafarsu. "Sabon ruwan inabi" fassara ce mai kyau ga tirosh a mafi yawan wurare, muddin ba a ɗauka sabo yana nufin marar ƙarfi ba.

Kalmomin da suka fi ba masana ciwon kai su ne waɗanda ke biye da yayin a jikin mazubi. A 1972 Nahman Avigad ya wallafa rubutun wata buta da aka ce daga tsaunukan Hebron ta fito: na Yahzeyahu, y-y-n k-h-l. Shi ya karanta k-h-l a matsayin sunan gari, ya danganta shi da ƙauyen Beit Kahil kusa da Hebron. A 1972 ɗin dai Aaron Demsky ya ce a'a, launi ne, ruwan inabi mai duhu. Tushen k-h-l ka san shi: shi ne kuhl na Larabci wanda ya zama kwalli a bakinmu, kuma Ezekiyel 23:40 ya yi amfani da shi ga mace mai sa kwalli a ido. Demsky ya haɗa da Farawa 49:12, inda aka ce idanun Yahuza haklili ne saboda ruwan inabi, ya ce duhu ake nufi, idanu sun fi ruwan inabi duhu kamar yadda haƙora suka fi madara fari. Hujjar tana da daɗi, amma butar ba a wurin tono aka same ta ba, kuma kalmar sau ɗaya ta bayyana.

A Lakish, birni a ƙasar Yahuza, inda David Ussishkin ya fara tono a 1973, a matakin ƙasa na garin da Babiloniyawa suka ƙone wajen 586 kafin Miladiyya, an samu wani mazubi mai y-y-n da baƙaƙen ashan. Kada ka haɗa shi da yashan na Samariya, baƙin farko dabam ne. Ashan hayaƙi ne, kuma Mishna ta hana kawo ruwan inabi mai zaƙi ko wanda aka yi wa hayaƙi ko dafaffe don hadaya, Romawa ma suna da ɗakin hayaƙi da suke sa tuluna su tsufa da wuri. Sai dai Ashan gari ne a Joshuwa 15:42, cikin rabon Yahuza. A nan Lakish ɗin aka samu wani rubutun da ake karantawa ruwan baƙin zabibi, wanda ke nuna lallai wani lokaci bayanin abin da ke ciki ake rubutawa, har da launinsa.

To wanne za a zaɓa, gari ko siffa? Ra'ayina, idan kalma ɗaya ta biyo bayan yayin kuma akwai gari mai wannan suna a kusa, sai a fara ba gari dama, domin al'adar da ta fi yawa ke nan. Samariya tana da ruwan inabin Kerem Hattel, sunan gona. A el-Jib, James Pritchard na Jami'ar Pennsylvania ya tono tsakanin 1956 da 1962, ya samu hannuwan tuluna da dama da aka zana musu g-b-'-n, abin da ya tabbatar wurin shi ne Gibeyon, tare da ramuka 63 da aka sassaƙa cikin dutse, masu sanyin kusan digiri 18, waɗanda ya ƙiyasta za su ɗauki lita kusan 95,000 a cikin tuluna. Bayan sunan garin akwai kalmar da ya karanta g-d-r, gona mai shinge, wasu kuma suka karanta g-d-d, sunan mutum, domin baƙin r da baƙin d a tsohon rubutu tsawon ƙafa kaɗai ya raba su. Hatiman "na sarki" da ke kan hannuwan tuluna na zamanin Hezekiya su ma sunayen wurare huɗu suke ɗauke da su: Hebron, Zif, Soko, da m-m-sh-t.

Wannan al'ada ta sunan gari ita ta buɗe wata aya da ta daɗe a kulle. Ezekiyel 27:18 ya ce Dimashƙu tana kai wa Taya ruwan inabin Helbon, ƙauyen da har yau yake arewa da Dimashƙu da sunan Halbun. Aya ta 19 kuma ta fara da kalmomin da aka saba fassarawa "Wedan da Yawan daga Uzal", waɗanda ba su da ma'ana a wurin. Rubuce-rubucen Nebukadnezzar, sarkin Babila, sun jera ruwan inabin da yake kai wa haikali, a ciki har da na Hilbunu da na Izalla, yankin tsaunuka a kudu maso gabashin Turkiyya ta yau. A 1962 Alan Millard ya nuna cewa da ɗan gyara ƙanƙane a baƙaƙen, ayar tana cewa "da randunan ruwan inabi daga Izalla". Annabin da sarkin zamaninsu ɗaya, kuma suna jera garuruwa biyu iri ɗaya. Fassarori da dama na yanzu sun karɓi wannan karatu, kuma a ganina yana cikin mafi ƙarfi da aka samu ta wannan hanya.

Semadar ta bi ta wata hanya dabam. Sau uku ta zo a Littafin, duk a Waƙar Waƙoƙi, tana nufin hudar inabi lokacin da take ƙamshi. A Hazor, a tonon Yigael Yadin na shekarun 1950, a matakin da Tiglat-filesar na uku, sarkin Assuriya, ya rushe a 732 kafin Miladiyya, aka samu tulu mai rubutu "na Feka, semadar". Sunan ya yi daidai da na sarkin Isra'ila na lokacin, ko da yake ba shi kaɗai ke da sunan ba. Ba a cika babban tulu da fure, saboda haka abu ne da aka yi da furen. Marubucin Roma Filini ya bayyana ruwan inabin da ake jiƙa masa hudar inabin jeji, akwai kuma man ƙamshi da ake yi da ita. Kalmar da muka sani a bakin mawaƙi sai ga ta sunan haja.

Shekar ita ce har yanzu ba a sasanta ba. Tushenta sh-k-r, buguwa, shi ne sakar na Suratun Nahli aya ta 67, abin da ake samu daga dabino da inabi. A Akadiyanci, harshen Babila da Assuriya, shikaru giyar sha'ir ce, daga baya har da ta dabino, shi ya sa masana irin su Michael Homan suka ce shekar giyar hatsi ce. A ɗaya ɓangaren, a Ashkelon ta Filistiyawa, wadda Nebukadnezzar ya ƙone a 604, an tono babban wurin matsar inabi, an kuma samu tsingaro mai ambaton jan ruwan inabi da sh-k-r tare. Lawrence Stager, shugaban tonon, ya ce daga inabi ake yin sa. Littafin Ƙidaya 28:7 ya sa a zuba shekar a hadayar kullum, inda sauran wurare suka ce yayin, amma 6:3 ya raba tsamin yayin da tsamin shekar kamar abu biyu. Jerom, mai fassara Littafin zuwa Latin, ya ce duk abin sha mai bugarwa ne, na hatsi ko 'ya'yan itace ko zuma ko dabino. Ina ganin shi ya fi kusa: suna ne na aiki, ba na sinadari ba, kowace ƙasa kuma tana cika shi da abin da take da shi. Abu ɗaya dai ka cire daga ranka, ba barasa mai ƙarfi irin ogogoro ba ce. Tace barasa ta hanyar tururi don sha ta zo ne ɗaruruwan shekaru bayan haka, kuma abin da ya tashi da kansa ba ya wuce kashi 14 ko 15 cikin ɗari.

Sai gargaɗi a kan abin da ya fito daga kasuwa. Rubutun Ibrananci na dā yana da tsada, inda akwai tsada kuwa akwai jabu. A Oktoba 2016 Hukumar Kayan Tarihi ta Isra'ila ta nuna wata 'yar takardar fafirus da ta ce ta ƙwato daga masu satar kayan kogo, mai maganar tulunan ruwan inabi da ake kaiwa Urushalima. Gwajin shekaru ya nuna takardar ta kusan ƙarni na 7 ce kafin Miladiyya, amma masana rubutu irin su Christopher Rollston sun ce tsohuwar takarda ba ta tabbatar da tsohuwar tawada, domin mai jabu yana iya samun wadda ba a rubuta komai a kanta ba. Idan kalma ta zo a abin da aka tono a gaban shaidu, cikin matakin ƙasa da aka san shekarunsa, kuma ta maimaitu, kamar yashan na Samariya, sai a gina a kanta. Idan sau ɗaya ta zo a abin da dillali ya kawo, sai a ajiye ta gefe har a samu ta biyu.

Hanya mafi sabunta ita ce gwada abin da ya shige cikin jikin yumɓun. A Tel Kabri da ke Galili, a 2013, an samu tuluna 40 a fadar Kan'aniyawa ta wajen 1700 kafin Miladiyya, gwaji ya nuna ruwan inabi ne da aka sa wa zuma da ƙaron itatuwa da kayan ƙamshi. Wannan ya sa ake ganin mesek da mimsak a Littafin sun fi nufin gauraya da kayan yaji don ƙara ƙarfi da daɗi, ba sirkawa da ruwa ba, musamman da yake Ishaya 1:22 ya ɗauki sirka sobe da ruwa a matsayin algus. A 2022 aka wallafa gwajin tulunan da suka ƙone a Urushalima a 586, aka ce an ga alamar banila a cikin ruwan inabin. Ina taka-tsantsan da wannan, domin sinadarin ƙamshin yana iya fitowa daga itace ko ƙaro. Inda gwaji ya warware kalma sarai shi ne Masar. An daɗe ana cewa abin shan da suke kira shedeh na rumman ne. A kabarin Tutankamun akwai tulu da aka rubuta masa shedeh, sai Maria Rosa Guasch-Jané da abokan aikinta na Jami'ar Barsalona suka gwada busasshen abin da ke gindinsa, suka wallafa a 2006 cewa na jan inabi ne. Abin ya yiwu ne saboda kalmar da abin da take nufi suna cikin tulu ɗaya, a kabarin da aka rufe.

A Isra'ila da Yahuza irin wannan haɗuwa ba ta cika samuwa ba. Rasit ɗin Samariya da Arad an rubuta su ne a kan fasassun tukwanen da ba su da alaƙa da kayan, tulunan Kabri kuma ba su da rubutu. Masu tono na dā sukan wanke abin da suka samu tun a wurin aiki, na yanzu kuwa, in suna son gwaji, sukan kankari cikin tulu kafin ruwa ya taɓa shi. Ko an samu tulu mai rubutu da ba a wanke ba, akwai sauran matsala: gwajin Urushalima ya nuna an yi ta sake amfani da wasu tulunan, an zuba man zaitun an kuma zuba ruwan inabi, alhali rubutu a jikin tulu na zubi ɗaya ne kawai.